Wasan ƙarshe na Faris da Marsai: gabar da aka ƙera domin kasuwa

 

A wannan karo za mu taɓo zancen ƙwallon ƙafa, abin da ba mu cika kawowa nan ba, alhali kuwa da wuya a sami gidan da bai shiga ba. Daga Yamai zuwa Damagaram, daga Maraɗi zuwa Garwa da Injamena, in aka ce yau Marsai za ta kara da Faris, to mai shayi ya san zai yi ciniki, mai gidan kallo ya san bencinansa ba za su isa ba, uwa kuma ta san tuwon dare zai huce kafin samari su dawo. Duk wannan ba laifi. Abin da ke damun iyaye shi ne abin da kan biyo bayan usur na ƙarshe: wa da ƙane su yi kwana uku ba sa ga-maciji, fada ta dare gida biyu, wani lokaci har a ba hammata iska a kan garuruwa biyu waɗanda yawancinmu ba mu taɓa takawa ba.

Saboda haka muka ga ya dace mu ɗauki wasa guda mu warware shi zare-zare, mu ga daga ina wannan gaba ta taso, wa ya ci ribarta, wa kuma ya biya kuɗinta. Wasan da muka zaɓa shi ne wasan ƙarshe na Kofin Faransa na ranar Asabar 29 ga Afrilu 2006, karo na farko a tarihi da Paris Saint-Germain da Olympique de Marseille, wato PSG da OM, suka haɗu a wasan ƙarshe na wannan gasa.

Kofin da aka kafa don tunawa da mamaci

Kafin mu shiga fili, ya kamata mu san abin da ake takara a kansa. An kafa Kofin Faransa a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, don tunawa da Charles Simon, ɗaya daga cikin shugabannin harkar ƙwallo na ƙasar, wanda aka kashe a fagen daga a 1915. Abokin aikinsa Henri Delaunay ne ya tsaya tsayin daka har abin ya tabbata. A wancan zamani hukumomin ƙwallo na Faransa a rarrabe suke, kowace da gasarta, sai aka yi nufin samar da gasa guda wadda ƙofarta ke buɗe ga kowa. Ƙungiyoyi 48 suka shiga karon farko, aka yi wasan ƙarshe ranar 5 ga Mayu 1918, Olympique de Pantin ta ci FC Lyon 3 da nema. A shekarun baya-bayan nan ƙungiyoyin da ke shiga sun haura 7,000, tun daga na ƙauyuka har zuwa na tsibiran Faransa da ke bayan teku.

Akwai bambanci babba tsakanin gasar zakarun ƙasa da gasar kofi. Ta farko tafiya ce ta watanni: a 2006 kowace ƙungiya wasa 38 take yi, wanda ya yi tuntuɓe yau yana da gobe, kuma a ƙarshe mai kuɗi da yawan ƴan wasa shi ya fi rinjaye. Kofi kuwa sara ɗaya ne. Ƙuri'a ke haɗa ka da abokin karawa, a 2006 in an tashi kunnen doki akan ƙara minti 30, in har yanzu ba a rabu ba a je bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya faɗi ya tafi gida sai baɗi. Manyan ƙungiyoyi sukan shigo lokacin da ya rage ƙungiya 64, kuma wasa shida ke tsakaninsu da kofin. Har ila yau, in ƙaramar ƙungiya ta faɗa hannun wadda ta fi ta da mataki biyu, to babbar ce za ta yi tattaki zuwa filin ƙaramar.

Wannan tsari ne ya haifar da labarin Calais a 2000. Ƙungiya ce ta mataki na huɗu, ƴan wasanta ma'aikata ne da ke motsa jiki bayan an tashi daga aiki, amma suka fitar da Strasbourg, suka fitar da Bordeaux mai riƙe da kambun ƙasa, suka kai wasan ƙarshe. Nantes ta ci su 2 da 1 da bugun daga kai sai mai tsaron gida a mintin ƙarshe. Da aka zo miƙa kofi, sai kyaftin ɗin Nantes, Mickaël Landreau, ya kira na Calais, Réginald Becque, suka ɗaga shi tare. A riƙe wannan hoto a zuci, don za mu bukace shi nan gaba.

Marsai na da tsohon tarihi da wannan kofi. Tun 1924 ta fara cinsa, kuma ita ce ta karɓe shi a 1927, shekarar da shugaban ƙasa, Gaston Doumergue, ya fara halartar wasan ƙarshe da kansa. Zuwa 1989 ta ɗauke shi sau 10. Tana kuma da baƙin tarihi da shi: ranar 5 ga Mayu 1992, a filin Furiani na tsibirin Kosika, ana shirin wasan kusa da na ƙarshe tsakaninta da Bastia, wani dandamalin ƙarfe da aka kakkafa cikin gaggawa don ƙara yawan ƴan kallo ya rushe. Aƙalla mutum 18 suka rasu, sama da 2,300 suka ji rauni. A shekarar ba a yi wasan ƙarshe ba, ba a ba kowa kofin ba.

Yadda aka ƙera gabar

Yaro ɗan shekara 15 da ke cika baki a fada yau yana zaton gabar Faris da Marsai ta samo asali tun kaka da kakanni. Tarihi bai goyi bayansa ba. An kafa OM a 1899, PSG kuwa sai a 1970. A shekarun 1970 babbar kishiyar Marsai ita ce Saint-Étienne, a shekarun 1980 kuma Bordeaux. Faris a lokacin abokiyar karawa ce kamar sauran.

Abubuwa uku suka sauya lissafin. A 1986 ɗan kasuwa Bernard Tapie ya karɓi ragamar Marsai, ya zuba kuɗi, ƙungiyar ta ci gasar ƙasa sau huɗu a jere daga 1989 zuwa 1992. A 1991 aka mayar da Bordeaux mataki na biyu saboda bashi, Marsai ta wayi gari ba ta da kishiya. A shekarar nan dai ta 1991 gidan talabijin na Canal+, wanda ke sayen haƙƙin nuna wasannin gasar yana sayar wa masu biyan kuɗin wata, ya sayi PSG. Lissafin a fili yake: gasar da aka san zakaranta tun kafin a fara ba ta sayuwa. Mai talabijin na bukatar giwaye biyu, Tapie kuma na bukatar wanda zai hana ƴan wasansa barci. Sai aka ɗauko manyan ƴan wasa zuwa Faris, irin su David Ginola da George Weah, aka shiga zuga wasan a jaridu da allon talabijin, shugabanni na jifan juna da maganganu mako guda kafin kowace karawa.

Gaskiya ne ba a kan dandagaryar ƙasa aka hura wutar ba, akwai busasshiyar ciyawa. Faris fadar mulki ce, can kuɗi da ofisoshi suke. Marsai tashar jiragen ruwa ce a bakin Bahar Rum, sama da kilomita 700 kudu, garin ma'aikata da baƙi daga Italiya, Aljeriya, Komoros da Afirka ta Yamma, mutanenta sun daɗe suna ganin fadar mulki na yi musu kallon hadarin kaji. Amma ciyawa ba ta kama wuta da kanta. Wasan watan Disamba 1992 a filin Parc des Princes, wanda Marsai ta ci 1 da nema, an yi laifi sama da 50 a cikinsa, har ƴan jarida suka laƙaba masa sunan mahauta. Daga nan abin ya kankama.

Mu kuma ta hannun ƴaƴan Afirka son ƙungiyoyin nan ya shigo mana. Joseph-Antoine Bell na Kamaru ya tsare ragar Marsai a shekarun 1980. Ranar 26 ga Mayu 1993 a birnin Munik, Abedi Pelé na Gana ya bugo kwana, Basile Boli haifaffen Abijan ya sa kai, Marsai ta ci AC Milan ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Turai. Wanda ya ji wannan dare a rediyo ba ya mantawa. Faris ta samu nata masoyan ta dalilin Weah na Laberiya, daga baya kuma Jay-Jay Okocha na Nijeriya, wanda ya yi mata wasa daga 1998 zuwa 2002. Didier Drogba ya yi kaka ɗaya tak a Marsai, 2003 zuwa 2004, amma ya bar tarihi. Da faranta na parabol suka yawaita a kan rufin gidaje, sai hoton ya iso tare da zugar da aka naɗe shi a ciki. Muka karɓi kaya da marufinsa.

Ɗan Abece da yaransa

Ba za a fahimci zafin wasan ƙarshe na 2006 ba sai an koma baya da mako takwas. Shugaban Marsai a lokacin shi ne Pape Diouf, ɗan asalin Sanagal wanda aka haifa a Abece ta ƙasar Cadi a 1951, inda mahaifinsa ke aiki da sojan Faransa. Ya isa Marsai yana saurayi, ya yi aikin gidan waya, ya zama ɗan jarida, ya zama wakilin ƴan wasa, sannan a 2005 ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci babbar ƙungiyar ƙwallo a Turai. Mutum ne mai iya magana, Faransancinsa har malaman lakwal na sha'awa.

A farkon Maris 2006 aka sami saɓani tsakaninsa da shugabannin Faris kan yawan kujerun da za a ware wa magoya bayan Marsai da kuma tsaron lafiyarsu. Diouf ya ce in haka ne magoya bayansa su zauna gida, manyan ƴan wasansa ma su zauna gida. Ranar 5 ga Maris ya tura yaran ƙungiya ta biyu, tare da ƴan ƙwararru kaɗan, zuwa Parc des Princes. Kowa ya ɗauka ruwan ƙwallaye za a yi musu. Aka tashi babu ci. A Marsai aka tarbi yaran kamar sun dawo daga yaƙi da ganima, a Faris kuwa aka haɗiye abin da ɗaci.

Sai ga ƙuri'a da sakamako sun sake haɗa su a wurin da ba a iya tura yara. Marsai ta je har gida ta fitar da Lyon, wadda a lokacin ba ta da na biyu a ƙasar, don ta ci gasa sau bakwai a jere daga 2002 zuwa 2008. Sannan ta lallasa Rennes 3 da nema. Faris ta fitar da Lille da Nantes. A gasar ƙasa babu wadda ta taka rawar a zo a gani: Marsai ta ƙare ta biyar, Faris ta tara. Ke nan kofin ne kaɗai abin da zai wanke kakar kowannensu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Minti casa'in a Stade de France

Mutum sama da 79,000 suka cika filin Stade de France da ke Saint-Denis, a gefen Faris. Masana da dama Marsai suka ba rinjaye. Tana da Fabien Barthez a raga, tana da Franck Ribéry wanda tauraronsa ke hudowa, tana da Mamadou Niang da Habib Beye na Sanagal, da Taye Taiwo da Wilson Oruma na Nijeriya, kuma ta yi shekara 17 tana ƙishin wannan kofi. Mai horar da ita Jean Fernandez ne. Faris kuma, a ƙarƙashin Guy Lacombe wanda bai fi wata huɗu da kama aiki ba, ta dogara ga kyaftin ɗinta Pauleta na Fotugal, da Jérôme Rothen, da Bonaventure Kalou na Kwaddibuwa, da Modeste M'Bami na Kamaru a tsakiya.

Ba a kai ga zama da kyau ba, a minti na 6, Kalou ya sami ƙwallo a cikin da'ira ya ɗirka ta ƙarƙashin ƙarfen sama. Wannan ci na wuri shi ya tsara sauran wasan. A gasar sara ɗaya, wanda ya riga ci shi ke zaɓen yadda za a yi rawa: Faris ta ja baya ta toshe hanyoyi tana jiran kuskure, Marsai kuma ta zama dole ta fito, ta bar fili a bayanta.

An dawo daga hutun rabin lokaci da minti huɗu sai abin da ba wanda ya zata ya auku. Vikash Dhorasoo, ɗan tsakiya mai ƙaramin jiki wanda aka fi sani da raba ƙwallo, wanda kuma bai taɓa ci wa Faris ko ɗaya ba tun zuwansa, ya jawo ƙwallo ya ga an ba shi hanya, ya saki harbi daga wajen mita 25. Barthez ya yi tsalle bai same ta ba. Biyu da nema.

Marsai ba ta karaya ba. A minti na 67 Toifilou Maoulida, haifaffen tsibirin Mayotte, ya rama ɗaya, aka shiga minti 20 da ƴan kai na zaman ɗar-ɗar, Marsai na kai hari, Faris na tarewa, mai tsaron gidanta Lionel Letizi na tsaye. Haka aka tashi 2 da 1, Pauleta ya ɗaga kofin, na bakwai ke nan ga PSG. Wasa ne mai kyau, mai zafi, wanda kowane ɓangare ya ba da abin da yake da shi. Wanda ya biya dala ashirin a gidan kallo a daren bai yi asarar kuɗinsa ba.

Su wa suka ɗauki gabar da gaske?

Yanzu mu duba abin da ya faru da mutanen da suka yi wasan, don nan ne darasin yake.

Ƴan makonni bayan wasan, Dhorasoo da Barthez da Ribéry suna ɗakin sauya kaya guda a Jamus, sanye da rigar Faransa, har ƙasarsu ta kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Wanda ya ci da wanda aka ci suna cin abinci a teburi ɗaya. A watan Oktoba na shekarar kuma PSG ta sallami Dhorasoo bayan saɓani da mai horarwa. Ƙwallon da ta kawo kofi ba ta cece shi ba.

M'Bami, wanda ya ɗaga kofi da rigar Faris a Afrilu, kafin damina ta fita ya koma Marsai. Lorik Cana da Frédéric Déhu, waɗanda ke cikin ƴan Marsai a kakar, daga Faris suka zo. Déhu ma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Faris wannan kofi a 2004, magoya bayansa na yi masa ihu don sun ji zai tafi. Édouard Cissé, ɗan tsakiyar Faris a 2006, ya ci gasar ƙasa da Marsai a 2010. Weah kansa, wanda ya sa mutane da yawa a ƙasashenmu son Faris, ya sa rigar Marsai a 2000. Ba cin amana suka yi ba, sana'arsu ce, kuma ma'aikaci inda aka fi biyansa can yake zuwa.

Masu kuɗin fa? A watan Afrilun nan na 2006, ana shirin wasan ƙarshe, aka ba da sanarwar cewa Canal+ ya sayar da PSG ga wasu kamfanonin zuba jari, har da na Amurka. A 2011 kuma wani asusun ƙasar Katar ya saye ta. Marsai ma a 2016 ta koma hannun wani attajiri Ba'amurke, Frank McCourt. Tapie kuwa, wanda ya hura wutar, badaƙalar sayen wasan Valenciennes ta 1993 ta sa aka ƙwace wa Marsai kambun shekarar, aka mayar da ita mataki na biyu a 1994, shi kuma ya ɗanɗana gidan kaso. Masu ƙungiya suna saye suna sayarwa, ƴan wasa suna zuwa suna tafiya. Wanda kawai ake so ya riƙe gabar har kabari shi ne mai kallo, don shi ke biya.

Wani lokaci kuma ba da kuɗi kaɗai yake biya ba. Kofin 2006 shi ya ba Faris damar shiga gasar Turai. Ranar 23 ga Nuwamba 2006 Hapoel Tel Aviv ta ci ta 4 da 2 a gida. Bayan tashi wasu gungun magoya bayan Faris suka bi wani saurayi Bayahude mai goyon bayan baƙin, wani ɗan sanda da ke ƙoƙarin kare shi ya yi harbi, saurayi guda daga cikin gungun ya rasu. Ranar 28 ga Fabrairu 2010 kuma, kafin wasan Faris da Marsai, aka yi wa wani magidanci mai goyon bayan Faris dukan da ya zama ajalinsa bayan ƴan makonni. Magoya bayan Marsai ba su ma zo ba ran nan. Rikicin tsakanin ɓangarori biyu na magoya bayan Faris ne. Wutar da aka hura don maƙwabci, da ta rasa maƙwabcin sai ta ci na gida. Dole ta sa shugaban ƙungiyar na lokacin, Robin Leproux, ya soke katin shekara na ɓangarorin biyu, aka koma raba kujeru ba zaɓi, kuma aka shafe shekaru hukumomi na hana magoya bayan kowace ƙungiya zuwa filin ɗayar.

Abin da ya rage mana

Bayan shekara goma sun sake haɗuwa a wasan ƙarshe, ranar 21 ga Mayu 2016, Faris ta ci 4 da 2, Zlatan Ibrahimović ya ci biyu a wasansa na bankwana. A lokacin kuɗin Katar ya riga ya raba su tazarar da babu ita a 2006. Zuwa 2025 Faris ta ɗauki kofin sau 16, Marsai kuwa tana nan kan 10 ɗinta na 1989. A 2025 ɗin ne Faris ta ci kofin zakarun Turai karon farko, a birnin Munik, a kan wata ƙungiyar Milan, kamar dai yadda Marsai ta yi shekara 32 da suka gabata. Pape Diouf bai ga wannan ba, ya rasu a Dakar a ƙarshen Maris 2020. M'Bami ma ya rasu a Janairu 2023.

Ba muna cewa a daina kallo ba ne, ko a daina riƙe ƙungiya. Ƙwallo ba ta da daɗi in ba ka da gwani, kuma tsokanar wanda aka ci gishirin abin ce. Mu da muka gaji wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Zabarmawa da Gobirawa, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, ba mu bukatar wani ya koya mana yadda ake tsokana. Kakanninmu sun gindaya mata ƙa'ida: a faɗi mai zafi a yi dariya, ba a zagin uwa, ba a ɗaga hannu, kuma in abokin wasanka ya shiga matsala kai ne farkon zuwa. A fagen kokowa ma mun sha ganin wanda ya kayar ya miƙa hannu ya tada wanda ya kayar ɗin. Abin da Landreau ya yi wa ƴan Calais, wanda jaridun Faransa suka yi ta yabo, tarbiyya ce da muke da ita a gida.

Ga iyaye, shawararmu ita ce kada a mayar da abin laifin da sai an ɓuya ake yi. Uban da ya san ƙungiyar ɗansa, ya san wane gidan kallo yake zuwa, ya san ƙarfe nawa ake tashi, ya fi wanda ya hana da baki alhali yaron na tsallake katanga. A tambaye shi nawa aka tashi, a bar shi ya ba da labari. A cikin hirar ne ake iya gaya masa cewa M'Bami ya sauya riga cikin wata huɗu, amma ƙanensa da yake gaba da shi saboda M'Bami ba ya sauyuwa. A kuma lura da shigar kuɗi cikin musun, don yawancin rigimar da ake cewa ta ƙwallo ce, in an bincika, ta caca ce.

Ga matasa kuma, a tuna cewa muna da namu kofunan. Nijar na da nata, Kamaru da Cadi na da nasu, a kan tsarin nan na sara ɗaya. Sahel da Olympic na Yamai, Ɗan Kasawa ta Maraɗi, Espoir ta Damagaram, Coton Sport ta Garwa, ƴan wasansu yaran unguwanninmu ne, wasu ma tare muka yi allo da su. Wanda ya san sunayen ƴan benci na Marsai amma bai taɓa sayen tikitin shiga filin garinsu ba, ya duba lissafinsa. Jikar da ake kashewa kan rigar da aka buga sunan Faris, ko rabinta aka kai ƙofar filin gida, da an ga bambanci.

Hausawa sun ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To na Faris da Marsai irinsa ne: a kalla, a ji daɗi, a yi musu, a sha shayi, in alƙali ya busa kowa ya kama hannun ɗan uwansa a nufi gida.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da unguwanninmu.